Tuwon da ke shafin ƙarshe

Har yau ban yafe wa wanda ya rubuta labarin nan ba. Ban san shi ba, ƙila ma ƙasa ta rufe shi, amma ban yafe ba.

Shekarun baya ne, ba a jima da sauke tutar Nasara ba, aka buɗe mana lakol, makarantar manya, a garin Agiye, ƙarƙashin rumfar zana. Na shiga da furfura a goshi, ina bin baƙi da yatsa kamar mai tsintar tsakuwa cikin gero. Da muka ɗan iya, malaminmu, da muke ce wa mushe, ya kawo wani ɗan littafi, kullum mutum ɗaya ya karanta shafi.

Labarin wani magidanci ne da ya sayar da gyaɗarsa, ya tafi birni ya tare wurin wata mace. Kuɗi suka ƙare, ta kore shi, ya dawo gida a rame. Shafin ƙarshe a kaina ya faɗo. Na karanta ina tuntuɓe: ya iske matarsa ta share ɗaki, ga tuwo da zafinsa, ya ci ya yi kuka, suka zauna lafiya.

Mushe ya ce, "To, mi muka koya?"

Mata suka haɗa baki, "Haƙuri!"

Na ce, "Mushe, hatsin tuwon ga, daga rumbun wa ya fito?"

Ya yi dariya. "Littafi bai faɗi ba, inna."

"Ina sunanta? Shi an faɗi sunanshi, an faɗi na jakinshi. Ita ko tari ba ta yi ba tun shafin farko."

Wata tsohuwa ta taɓo ni. "Ke, labari ne, ba shari'ar alƙali ba. Zamna."

Aka kwashe da dariya, har da ƙawata da muke zuwa tare. Na zauna. A hanyar gida ba wadda ta jera da ni.

Su ma sun san amsar, shi ya fi ci mini rai. A wajenmu, in an gama girbi, maigida kan liƙe rumbun gandu da laka, ba a buɗewa sai shuka. Rani duka mace ke ciyar da gida da hatsin gamanarta, 'yar gonar da take nomawa da hannunta. Mijina kuwa da ya liƙe nasa sai garin Cadawa, wai awon gyaɗa. Gari duka an san ɗakin macen da yake kwana. Ni ce kawai ake gaisarwa a kauda ido.

A makon da muka karanta shafin nan ya dawo, hadarin farko na haɗuwa, wuyansa kamar na zalɓe. Da magariba na ajiye masa akushi. Ya ci, ya suɗe, sannan ya fara: ina hauyarsa, ina irin da za a shuka, wa zai ɗinke masa riga. Da ya ga na ɗauki akushin zan fita, ya sassauta murya.

"Haba, ke ce uwata, ke ce ubana. In ba ke, ni mi ne?"

Ya yi tsammanin yabo ne. Ni kuwa na dube shi na ga bai tambayi yadda muka ci ranin ba, ni da yara. Ba kewata ta dawo da shi ba, yunwa ce.

Na karanta littattafai da yawa bayan nan, kuma har gobe in namiji ya dawo yana kuka a ƙarshen labari, murhu nake leƙawa in ga wa ke tsugune. Ba kasafai marubuci ke leƙawa tare da ni ba. Kaɗaicin da na ji a rumfar nan bai taɓa sakina duka ba.

Washegarin dawowar mijina, da gari ya waye na ari jakin maƙwabcinmu, na kwashe damman da suka rage a rumbuna, na goya autata, na sa babban a gaba, muka kama hanyar gidan yayana.