Marin da Baba Ya Kwance

'Yata ta fari, wadda kunya ta hana ni faɗin sunanta, an haife ta tafin ƙafafunta suna kallon juna. Ungozoma ta juya su, ta sake juyawa, ta ce a bar wa Allah. Ban bari ba. Ina gama wankan jego na goya ta, ni da mahaifinta muka kama zaryar asibitin Kano daga Makoda. A naɗe ƙafafun da filasta, mako ya zagayo a yanke, a sake naɗewa. Mun sha rana, mun sha gargada a mota. Amma ƙafa ta miƙe. Wallahi ta miƙe sambal, na riƙe ta a tafin hannuna ina kuka.

Ranar da aka sallame mu suka ba mu wasu 'yan takalma na fata, an haɗe su da sandan ƙarfe a tsakani. Ma'aikaciyar ta kama hannuna ta ce, "Maman yarinya, ki ji da kyau. Takalmin ba shi ne magani ba, ƙarfen nan ne. Ranar da aka daina sa shi, ƙafa za ta fara komawa inda ta fito." Da farko kullum yana ƙafarta. Da ta fara tafiya sai lokacin barci kawai, kuma aka ce a ci gaba har ta isa shiga makarantar allo.

Matan unguwa suna ganinsa suka raɗa masa suna: mari. Wai na sa wa jaririya mari, irin na mahaukaci ko ɓarawo. Na yi bayani har bakina ya gaji. A banza.

Da lokacin yaye ya yi, aka ce sai gidan kakanninta, iyayen mijina, can ƙauye. Haka ake yi, wa zai ce a'a? Na durƙusa gaban Inna, surukata, na nuna mata yadda ake zura dunduniya, yadda ake jan maɗauri. Ta ce, "To, 'yar nan, na gani." Baba, surukina, yana gefe yana gyara ƙotar fartanya.

Ina da wani cikin, laulayi ya kwantar da ni. Inna ta aiko a bar mata yarinyar sai na sauka. Yayen 'yan makonni ya cinye damina guda. Mahaifinta yakan leƙa da rana, lokacin da dama ba a sa takalmin, ya dawo ya ce tana nan garau.

Sai bayan an cire gyaɗa na je. Ta fito da gudu ta tarye ni, sanye da takalman nan, kowanne daban, babu ƙarfe. Ƙafar hagu a gefenta take takawa.

Na cire takalmina na durƙusa na gaida Baba a zaure. Tun kafin in tambaya ya ba ni labari, yana murmushi irin na wanda ya yi aikin lada. Ranar kasuwa ya kai wa maƙeri takalman, aka raba su. "Jikata ba mahaukaciya ba ce da za ta kwana a mari. Ga shi ta samu takalmin yawo." Ƙarfen ma bai yar ba. Ya huda ƙyauren garken awaki ya mai da shi sakata.

Kai! Ina so in yi ihu, in tambaye shi ko ya taɓa riƙe ta ana yanke filasta tana tsala kuka. Amma suruki ne. Ba a ɗaga masa ido, balle murya. Na goya 'yata na fito, ban waiwaya ba har muka iso titi.

Muka koma asibiti daga farko. Ƙafar dama ta sake miƙewa. Ta hagu sai da aka yi mata aiki, kuma ba ta koma daidai ba har yau.

Shekaru suka wuce, muka je gaisuwar Sallah gidan Baba. Zaure cike da dattawa. Yarinyar ta kawo musu ruwa, tana ɗingishi, ruwan kofin yana fantsala. Baba ya bi ta da kallo, ya girgiza kai.

"Kun gani ko? Marin asibiti ne ya shanye mata ƙafa. Da ban cire shi da wuri ba, da duka biyun ne."

Dattawa suka ce, "Allah Sarki, ai ka yi ƙoƙari."

Ni aka ƙoƙarta wa? Ban san lokacin da na miƙe ba. Na nufi garke, na fizge sakatar nan, ta yi tsatsa, duk kashin awaki. Na dawo zauren da takalmina a ƙafa, na ajiye ta a kan buzunsa.

Na ce, "Baba, ga maganin jikarka. Awaki ka ba."

Ƙyauren garke ya wangale, awaki suka yi waje suka faɗa wa harawar da aka shanya. Babu wanda ya motsa. 'Yata ce ta ajiye kofi ta bi su da gudu, tana jan ƙafar hagu a ƙasa.