Mutumin da Na Tsiyayar wa Ido

Shekara huɗu bayan an yi mini baftisma, dattawan ikilisiyarmu a Potiskum suka zaɓi mutum uku da za su fita ƙauyuka da bishara, har da ni. Ba mu da yawa a lokacin, rumfar zana ce majami'armu a bayan gari. Aka ce ranar Ista, bikin tashin Almasihu, za a ɗora mana hannu. Kafin nan za mu yi mako guda muna azumi da addu'a tare da malaminmu, dattijon da ya koya mini karatu.

Ranar Laraba ya faɗa wa kowa inda za shi. Da ya zo kaina sai ya ambaci wani ƙauyen Karekare, tafiyar rabin yini daga gari.

"Kai kana jin yarensu," in ji shi.

Na ce to, amma na san abin da ke tsakanina da ƙauyen nan. Kafin in tuba, ni helma ne, mai tsaron leburori, a aikin hanyar Damagum, zamanin da ake ɗebo mutane daga ƙauyuka su yi wa Bature aiki, ko suna so ko ba sa so. A can na koyi yaren. Wata rana wani magidanci ɗan wannan ƙauye ya ajiye kwandon ƙasa ya zauna, ya ce zazzaɓi yake ji. Na zabga masa dorina. Bakinta ya same shi a ido, idon ya tsiyaye. Aka mayar da shi gida a kan jaki, ba wanda ya ce mini uffan.

Ranar Alhamis na kasa addu'a. In na rufe ido, fuskarsa nake gani. Ranar Juma'a, da aka gama karanta labarin gicciye Yesu, mutane suka watse, na tsaya na faɗa wa malam komai. Da na gama sai ya ce:

"Ɗan'uwa, ba zan ɗora maka hannu ba sai ka je ka gan shi."

"Malam, in suka kashe ni fa?"

"Ban ce maka ba zai yiwu ba. Amma da wane baki za ka yi musu maganar gafara?"

Matata ta roƙe ni in tafi da wani. Na ƙi, don ban ga dalilin jefa kowa cikin abin da ni na jawo ba. Asabar da sassafe na kama hanya, na isa rana na tsakar ka, zafin bazara kamar zai fasa kai.

Na same shi a ƙofar gida yana tufkar igiya, ƙannensa biyu suna yi masa jinka. Na yi sallama da yarensu. Ya juyo da idon nan guda, igiyar ta faɗi daga hannunsa. Ya kira ni da sunan da leburori suka laƙaba mini. Ƙannen suka diro daga kan ɗakin, ɗaya riƙe da lauje.

Na durƙusa a cikin rana.

"Baba, na zo neman gafara. Ni na cuce ka."

"Bature ne ya aiko ka?"

"A'a. Na bar wannan aiki. Yesu nake bi yanzu."

"Shi zai mayar mini da idon?"

"Ban zo maka da wannan alkawari ba, Baba."

Mai laujen ya zagayo ta bayana, har ina jin numfashinsa. Mata suka leƙo ta saman danga. Mutumin ya ɗauki igiyarsa ya ci gaba da tufka, bai ce in tashi ba, bai ce wa ƙaninsa ya matsa ba. Haka na zauna, gwiwoyina suna ƙuna, har la'asar. Sannan ya ce wa matarsa ta kawo mini ruwa.

"Ban yafe ba," in ji shi. "Amma tashi ka koma da ƙafarka."

Na faɗa masa ana so a turo ni in zauna a garinsu. Ya ce ƙasa ba tasa ba ce, sai dai kada in riƙa bi ta ƙofar gidansa.

A hanya na kwana, ƙafafuna sun kumbura. Ina shiga Potiskum da hantsi na jiyo waƙa daga rumfarmu, da tafi, da guɗar mata. Matata ce ta fara hango ni, ta saki ihu. Malam ya dakatar da waƙar, ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Almasihu ya tashi," ya ce.

Na buɗe baki in amsa, sai kuka, sai dariya, duka a haɗe. Sau huɗu na yi bikin Ista kafin wannan, amma ranar na fara jin cewa da ni ake. Aka ɗora mana hannu mu uku.

Shekara goma sha ɗaya na yi a ƙauyen. Mutumin bai taɓa shiga majami'a ba har ya rasu. A damina ta uku, da tsutsa ta cinye mini shuka, ya aiko matarsa da ƙwarya cike da irin gero. Washegari na je godiya, ya amsa gaisuwata.