Ranar da Aka Hana Kakana Taɓa Barmo

Har gobe, in na ji ƙamshin tsohuwar ƙasar gini da ruwa ya jiƙa, mai haɗe da ɗacin makubar yaɓe, sai zuciyata ta koma ƙofar gidanmu a Kusada. A nan wani abu ya faru wanda ba na jin zai bar ni muddin ina numfashi.

Kakana magini ne. A ƙuruciyarsa, daga Mawashi har Dudunni, duk mai son fuskar zaurensa ta yi kyau shi yake nema. Da hannu yake tona ɗanyen yaɓe, layi uku masu zurfi, su lanƙwasa kamar ganyen dawa, su zagayo kamar za su haɗu, sai su tsaya su bar 'yar kafa a tsakani. Da hantsi inuwa takan kwanta a ciki, ka ga bango kamar yana numfashi. Sunan mahaifinsa Barmo, da shi ake kiransa, shi ne kuma a ƙarshen sunana a makaranta.

Bulo da siminti suka zo, gidajen ƙasa suka yi ta zubewa, cikin 'ya'yansa kuma babu wanda ya gaje shi. Zaurenmu ne aikinsa na ƙarshe da ya rage a tsaye, shi ma daminar shekarar da na gama sakandare ta kayar da shi. Kaka ya dubi tarin ƙasar ya ce mini, "Amarya, yau aka binne mijinki." Da amarya yake tsokanata kullum, amma ranar babu dariya a muryarsa. Daga nan ya rage cin abinci, in ba masallaci ba, ba ya fita. Muna kallo yana ramewa.

Baffana ya ɗauko wani magini daga Kankiya, magidanci mai fara'a da surutu, ya tayar da zauren da bulo. Ranar shafe na lallaɓi Kaka ya fito shan hantsi, na shimfiɗa masa tabarma. Baffa yana cikin gida, don haka maginin ya juyo ga tsohon.

"Baba, a bar shi sumul ne, ko a yi masa barmo?"

Kaka ya ɗago kai a hankali ya tambaye shi mene ne barmo. Maginin ya ce wani adon bango ne na mutanen da, yanzu a Kankiya ya dawo, masu sababbin gidaje shi suke so. Shi a wurin maigidansa ya koya. Kaka ya ce to wa ya fara shi? Ya ce wa ya sani, haka suka taso suka ji ana faɗa. Na buɗe baki zan yi magana, Kaka ya dafa ƙafata.

Muna zaune maginin ya ja layukan nan uku da bakin cokalin gininsa. Da suka zagayo, ya sa yatsu biyu ya auna kafar da kyau, ya ce in aka haɗe su ba barmo ba ne. Sai Kaka ya miƙe, ya zaro hannunsa na dama daga riga, hannun da ba ya son fitarwa a gaban baƙi, ya nufi bangon.

"A'a Baba, yi haƙuri, kar ka ɓata mini barmo. Ba a taɓa shi ɗanye."

Kaka ya janye hannunsa kamar yaron da aka tsawata wa. Daidai nan Baffa ya fito, ya faɗa wa maginin wanda yake magana da shi. Mutumin ya ajiye cokali, ya durƙusa. Abin da ya iya cewa kawai shi ne, "Ashe Barmo mutum ne?"

Shi da kansa ya kama hannun Kaka ya kai bangon. Tsohon ya zurfafa layukan da yatsunsa, siminti yana cin fatarsa, bai damu ba. Da azahar ya ce in kawo masa tuwo, ya cinye. Ya ƙara damina biyu a duniya, kullum da hantsi yana zaune yana kallon inuwa tana shiga bangon.

A lokacin na ji haushin a ce ana faɗin sunanmu ba a san mu ba. Yanzu na gane aikin mutum yakan yi nisan da mai shi ba zai iya binsa ba, kuma ba mu ke zaɓar abin da zai rage daga gare mu ba.

Sai bayan shekaru, ina gab da gama jami'a, ƙanwar Kaka ta gaya mini asalin kafar nan. Yana yaro lauje ya sare masa manuniya, ta sandare, ba ta iya rufe zagaye. Saboda haka maigidansa da ya koya masa gini ya daɗe yana hana shi fuskar gida, sai bangon baya. Abin da magina suke aunawa da yatsu biyu, shi ne abin da Kaka ya yi rayuwarsa yana ɓoyewa a cikin riga.