Shayin da Na Aika wa Gwaggo

Ƙanƙara zuwa Sheme

Ƙarfe bakwai da kwata muka bar tashar Ƙanƙara, don yanzu ba direban da ke yin sammako a hanyar nan. Ina rungume da kwali na biyu na ganyen Chana mai maganin ciwon suga, zan kai wa Gwaggo, yayar mahaifina, a Damari. Kwalin farko na aika mata wata uku da suka wuce, na ce wa direba, "Ka ce shayi ne, ta riƙa sha safe da yamma." Tun daga nan nake ta baza labari a majalisa cewa na warkar da Gwaggo.

Shinge uku muka wuce kafin Sheme ta ƙasar Faskari. A na ukun jami'i ya jujjuya kwalin, ya kasa karanta rubutun, ya tambaye ni abin da ke ciki. Na ce magani. Gaskiya ni ma ban taɓa karanta shi ba.

Daudawa zuwa Damari

A Daudawa na ci waina da miyar taushe, na sake mota zuwa Sabuwa, daga can ɗan acaba ya kai ni Damari ƙarfe ɗaya da rabi.

Ina shiga ɗaki gabana ya faɗi. Gwaggo ta zube, ta koma rabinta, babban yatsan ƙafarta ɗaure da tsumma, ƙuda na bin sa.

"Gwaggo, ina ƙwayoyin asibiti?"

"Na aje su, ɗan nan. Magani biyu ba su zama ciki guda, sai su yi hwaɗa."

Ban gama haɗiye wannan ba, sai ga surukarta da kofi. A gabana ta tsoma ganyen, ta jefa ƙwayar suga huɗu, ta tsiyaya madarar gwangwani.

Na yi salati da ƙarfi. "Suga? A maganin suga?"

Gwaggo ta dube ni kamar ni ne marar lafiyar. "To, kai ka ce shayi. Ina ka taɓa ganin an sha shayi lami? Wanga ma ɗaci gare shi, sai da huɗu."

Wata uku, safe da yamma! Wallahi a ƙasa na zauna.

Asibiti

Ɗan acabar da ya kawo ni ya nemo mana mota, kafin la'asar mun kai ta asibiti. Likita bai yi mini faɗa ba, ya dai ce ko ganyen na da amfani, ba ya maye gurbin ƙwaya, kuma ba a haɗawa sai an tambaye shi. Kwananmu shida. Ƙafar ta tsira, yatsan bai tsira ba.

Gida

Na iso Ƙanƙara ranar Alhamis da azahar, kwalin na nan a jakata ban buɗe ba. Na gode wa Allah, na gode wa ɗan acabar da ya nemo mana mota. Maiɗakina ta kawo mini shayi, ta ce, "Ƙwaya nawa zan sa?"

Na ce, "Bar shi lami."