Japanancin Ƙauye

Maigidana, Allah Ya jiƙansa, ya dawo daga yaƙin Bama da tabo a ƙwauri, da kuma wani harshe da ba a taɓa ji ba a Kusada. Da aka gama yaƙin an sa shi gadin fursunonin Japan wata da watanni. A cikinsu akwai wani manomi mai yawan surutu. Ranar da ya ji sunan garinmu sai ya yi ta dariya, wai a harshensu "kusa" ciyawa ce, "da" kuma gonar shinkafa. Daga nan suka saba, yana koya wa maigida kalma, maigida na ba shi taba.

A gida ba abin da ya tsira daga wannan harshe. In yana son ruwa sai ya ce "mizu". Jakinmu ma da Japananci yake kora shi, jakin kuwa yana tafiya.

Wata rana muna sussukar gero ya ce mini malamin Japananci yake son zama. Ya ce kafin yaƙi akwai yadin Japan a kasuwar Kankia, zai kuma dawo, wanda ya iya harshen mai kaya kuwa ba a cutarsa. Abin da ya rage masa, in ji shi, ya sami makarantar da zai ƙara karatu a ba shi takardar shaida. Na ci gaba da sussukata. Damina uku na yi ina jiransa, ban san ko yana raye ba, ga shi yana neman wata tafiyar.

Sai aka ji Baturen makaranta zai zo rangadi elementaren Kankia, kuma wai ya yi aikin tafinta a wancan yaƙi. Maigida ya sa takalmansa na soja ya hau jaki. Bayan la'asar ya dawo, tun daga zaure nake jin dariyarsa.

"Uwargida, kin san abin da Baturen nan ya ce? Wai Japanancina na ƙauye ne! Wai mutanen birninsu in sun ji ni sai sun riƙe ciki."

Na ce, "To, Malam, ba ka ji haushi ba?"

"Haushin mi? Ashe su ma suna da nasu Katsinawan! Shi kansa Baturen Hausar Kano yake yi, ta littafi. Na ce mashi, ranka shi daɗe, ai mun yi kunnen doki."

Da ya sha fura sai ya zayyana mini yadda suka yi. A duk ƙasar nan ba inda ake koyar da harshen. Akwai wata babbar makaranta a Ingila, amma ba ta ɗaukar kowa sai wanda ya riga ya gama jami'a, shi kuwa karatunsa na bariki ne. Sai ya faro daga ƙasa. Matakin farko horon malamai ne a Katsina, kuma Baturen ya ce ana sassauta wa tsofaffin sojoji. Daga nan in ya yi ƙwazo, wataƙila a tura shi gaba.

Sannan ya dube ni ya ce, "Ke mi kika gani?"

Ba a saba tambayar mace irin wannan ba, shi ya sa na daɗe ina juya ludayi a ƙwarya. Na ce, "Katsina na yarda, don in ka yi ciwo labari zai iso ni ran kasuwa. Amma teku ya ci rabonsa."

Ya ce, "Shi ke nan. Jami'ar Ingila ta yi asarar ɗalibi."

Ya tafi Katsina bayan girbi, kowane hutu yana gida. Da ya gama aka ba shi aji a ƙauyen Boko, mutane suna ta tsokanarsa wai an kai boko gidansu. Ni ma a wurinsa na koyi wannan rubutu, a kan tabarma, yana gyara mini riƙon fensir.

Ban taɓa tambayarsa ko ya yi da-na-sani ba, shi ma bai ce ba. Bara da kaka muka rabu, a ɗakinsa, ina zaune a gefensa.