Ranar da Na Tona Asirin Yayana

Yayana gyaran lantarki yake yi a Mando, kuma mutum ne mai son a gan shi tsaf. Ko cikin silin zai shiga sai ya goge riga. A farkon shekarun casa'in babur ya kayar da shi, cinya ta karye, aka yi masa aiki, aka ƙara masa jini. Ya baro asibiti da abu biyu: cutar ƙanjamau, wadda sai bayan shekaru aka gano, da allurar kashe zafi da ya kasa rabuwa da ita. A kemis yake saye, ya soka wa kansa a cinya inda wando ke rufewa. Ni kaɗai na san da allurar a gidanmu na Kurmin Mashi, don ni ke share masa ɗaki.

Duk Alhamis ta farkon wata nake neman izini a ofis in raka shi wani ƙaramin asibitin mishan a Malali. Lokacin babu maganin danne cutar, aƙalla ga irinmu. A auna nauyinsa, a leƙa bakinsa, a saurari ƙirjinsa, a ba shi ƙwayoyin kare huhu. Likitar mace ce, ta manyanta, ba ta gaggawa.

To ga wautar Yaya. Kunyar likitar yake ji, ba ya so ta ga alamar allurar a idonsa. Don haka kwana biyu kafin ranar asibiti sai ya daina. Kafin mu isa ya zama abin tausayi: gumi, hamma, majina, gudawa, jiki na rawa kamar kazar da ruwan sama ya jiƙa. Likita ta dube shi, ta ɗauka cutar ce ke cinsa. Mu dawo gida, ya shige ɗaki, bayan rabin awa ya fito yana tambaya ko da sauran tuwo. Haushi kamar in shaƙe shi.

A zuwa na biyar likita ta ajiye biro ta dube ni. Ta ce, "Ke ce ƙanwarsa ko? Ku yi shawara da Mama. In akwai gida a ƙauye, gara ya je ya huta cikin dangi."

Na san ma'anar maganar. Wanda aka kai ƙauye hutu ba ya dawowa, kuma can babu asibiti kusa. Na kuma san halin Mama: da ta ji likita ce ta faɗa, washegari za ta nemi mota.

A gidanmu ƙanwa ba ta tsoma baki yaya na zaune. Na kalle shi, ya ɗan girgiza mini kai. Na ce, "Likita, ku sa ya nuna muku cinyarsa."

Ba ta yi faɗa ba. Ta duba tabon allurar, ta tambaye shi tun yaushe, sau nawa a rana. Sannan ta ce, "Malam, wata biyar ina maganin abin da ba shi ke kayar da kai ba. Ba inda zan tura ka. A ɗakin nan za mu yi maganin duka biyun." Aka tsara zai riƙa zuwa kullum da safe, nas ta yi masa da sabon sirinji, ana rage yawan ruwan a hankali. Awon nauyi da duba ƙirji suka koma duk mako.

Yaya ya shiga gaba da ni. Wata uku ko sannu bai ce mini ba, ya daina cin abin da na dafa. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, na sha kuka a bayan ofis, amma ban fasa raka shi ranar awo ba. Mu hau bas ɗaya, shi gaba, ni baya. Nauyinsa ya fara hawa, har ya koma karɓar ƙananan ayyuka.

Dab da Kirsimeti ina shara na ga fasasshiyar kwalbar allura a bayan akwatinsa. Ranar Alhamis duk hanya ina shirya yadda zan sake faɗa, alhali na san wannan karon ba zai yafe mini ba. Da nas ta kira shi na miƙe kamar kullum. Sai ya dafa kafaɗata ya mayar da ni kan benci.

"Zauna nan, auta," in ji shi. "Na san kin gani. Yau da bakina zan faɗa mata."