Kwatangwalona da Irin Masarar Baba

Shekara huɗu ke nan da aka sa mini ƙarfe a kwatangwalo, kuma ban taɓa wayar gari na manta da shi ba. Likitan da ya yi aikin, wani dogo mai sanyin murya a wani asibiti a birni, cewa ya yi wata uku zan yi in jefar da sanda. Ga sandar nan jingine kusa da ni yanzu da nake wannan rubutu, hannuna ya cinye mata kai har ta yi santsi.

Daga kan lodin masara na faɗo a Funtua, ranar kasuwa. Igiya ce ta tsinke. Na yi shekara biyu ina yawo tsakanin maɗora, wannan ya ja, wancan ya murza, kafin a kai ni inda aka ce kan ƙashin ya riga ya mutu, sai dai a cire a sa na ƙarfe. Aka cire, aka sa. Duk sanda na koma na ce ciwo yake, sai a ɗauki hoto, likita ya ɗaga shi wajen haske ya ce, "Malam, dubi yadda ya zauna daram. Aiki ya yi kyau." Ni ma na duba. Wallahi ya yi kyau, fari tas, ba lanƙwasa. Na ce masa to hoton ne ya warke, ni dai ban warke ba. Ya yi dariya ya rubuta mini ƙwaya.

Ban yi nisa a makaranta ba, ina aji biyu na sakandare Baba ya cire ni na kama garmar shanu. Amma tun ina yaro ina da son in san yadda abu yake daga ciki. Rediyo idan ta mutu sai na kwance ta, ko da ba zan iya mayarwa ba. To da noma ya gagara, lodi ya gagara, masu zuwa dubiya ma suka yi wata biyu suka ɗauke ƙafa, sai na zauna a gindin mangwaron ƙofar gidana ina sauraren kwatangwalon nan kamar yadda mai injin niƙa ke sa kunne a injinsa.

Na gane ciwon ba ɗaya ba ne. Akwai na tafiya, shi wannan kamar a soka maka basilla a gindin cinya ne, ka tsaya ya tsaya. Akwai na zama, idan na daɗe a kan abu gajere, sai in ji kamar ana ɗaure igiya ana ƙara ja. Waɗannan biyu na san dalilinsu. Wanda ya ɗaure mini kai shi ne wani mai zuwa ba gaira ba dalili, can ciki, mai nauyi da sanyi, kamar an tsiyaya ruwan randa a cikin ƙarfen. Ba ya sa ni ihu. Yakan sa in yi shiru ne, in ƙi abinci.

A bazarar shekara ta biyu, wata rana da hantsi, wannan mai sanyin ya zo. Sama fes take, rana na dukan ƙasa. Matata ta baza gari a tabarma tana shanya. Ban san abin da ya sa ba na ce, "Ki kwashe garin nan, jikina na ba ni ruwa za a yi."

Ta dubi sama, ta dube ni. Ta ce, "Malam, ka sha ƙwayarka kuwa?"

Ba ta kwashe ba. Kafin la'asar hadari ya taso daga gabas, aka sheƙa ruwa, garin ya zama kunu. Maimakon ta yi shiru da abin kunyarta, sai ta ba matan unguwa labari a gidan suna. Bayan kwana tara abin ya sake faruwa, wannan karon a gaban maƙwabcina, wani tsohon malamin firamare, Kirista, wanda kullum rediyo ke maƙale a kunnensa. Shi ya ƙarasa yaɗa ni. Da safe sai ya leƙo ya ce, "Rediyo ta ce sai jibi. Kwatangwalo me ya ce?"

Da na koma asibiti na tambayi likita kai tsaye, "Shin ƙarfe na jin hadari?" Ya ajiye biro. Ya ce marasa lafiya da yawa na faɗa masa haka, amma shi bai san gaskiyar abin ba. Ranar ce na fara ganin girmansa, domin ita ce rana ta farko da ya ce mini bai san wani abu ba.

Sai ga gindin mangwaro ya cika. Mutanen da suka shekara ba su tambayi ko ina numfashi ba, yanzu suna zuwa da goro, suna gyara mini kujera, suna cewa, "Malam, yaya ƙarfin jiki?" Ba jikina suke tambaya ba, sama suke tambaya, na sani. Na tsane su a raina, amma idan gari ya waye ban ji sallamarsu ba sai in rinƙa leƙen hanya. Wani lokaci in ce ruwa a yi ruwa. Wani lokaci in ce ruwa a yi iska kawai, su da kansu su kare ni, su ce ai an yi shi a wajen Mahuta. Matata ta ce, "Malam, ka ji tsoron Allah, kada ka zama boka da girmanka." Na ce ni ban san gaibu ba, ciwo na sani, kuma ba ni na roƙi a sa mini shi ba.

Ƙanena shi kaɗai ne bai taɓa tambayata ba. Tun da na faɗi shi ke noma gonarsa da tawa, shi ke shigo da hatsi gidana. Kullum zai zo ya durƙusa ya ce, "Yaya, an tashi lafiya?" Ni na koya masa riƙon garma, ni na mare shi ranar da ya karkatar da kunya. Yanzu tuwonsa nake ci. Bai taɓa goranta mini ba ko da ido, kuma wannan ya fi ƙona mini rai, don da ya goranta da na samu abin zagi.

Muna da wata masara da muka gada. Fara ce, gajeruwa, tana nuna da wuri, tuwonta ya kwana ya wuni bai saki ba. Baba wajen babansa ya same ta. Irin kanti ya fi ta cika buhu, shi ya sa kowa ya watsar da irin gida, amma Baba har ya rasu yana ware mata kunyoyi a gabashin gona, mu ma muka ci gaba. Duk kaka akan zaɓi masu kyau a rataye a madafi hayaƙi ya riƙa bugunsu. To a daminar da ta gabaci wadda nake ba da labarinta, tsutsa ta shiga gonar ta yi mata kaca-kaca. Abin da ƙanena ya tsira da shi, da aka ɓare, ƙwarya ɗaya ce ba ta ma cika ba. Na tambaya har ƙauyukan dangi, ba wanda ya rage da ita.

Ruwan farko na bara ya sauka ranar wata Talata, mai ɗan dama, ya jiƙa ƙasa kamar tsawon yatsa. Duk manomi ya san matsalar irin wannan ruwa. Idan ka shuka, wani ya biyo baya cikin mako, ka riga kowa. Idan bai biyo ba, iri ya tsiro ya ƙone. Washegari da safe gindin mangwaro ya cika fiye da kullum. Sai ga ƙanena, sungumi a kafaɗa, ƙwaryar a hannu an rufe ta da faifai. Ya durƙusa a gaban mutane ya ce, "Yaya, in zuba na Baba, ko in dakata?"

Kwatangwalon yana ciwo ranar, sosai ma. Amma ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Ranar Litinin na je Malumfashi karɓar ƙwaya, ban samu mota ba, na hau bayan babur, kuma duk wanda ya san hanyarmu ya san ramukanta. Tun da na dawo ciwon ya cakuɗe. Na sa kunne iyakar iyawata a wannan safiya, na rufe ido, na danna wurin da babban yatsa. Akwai nauyi. Sanyin ne ban tabbatar ba. Ko na hadari ne, ko na babur, wallahi ban rabe ba.

Abin da ya kamata in ce, ban sani ba. Likita da digirinsa ya faɗa, bai mutu ba. Amma mutum goma sha wani abu sun zuba mini ido, malamin firamare ya rage muryar rediyonsa, ga ƙanena a ƙasa yana jiran bakina a karo na farko cikin shekara biyar.

Na ce, "Je ka shuka. Ba za a kwana uku ba."

Ya ce, "To, Yaya." Ya tashi ya tafi. Bai rage ko ƙwara ba.

Aka kwana uku, aka kwana bakwai. Masara ta fito, ya zo ya faɗa mini ta fito da kyau. Aka kwana goma sama kamar an share ta. Ni da na shekara uku ina roƙon Allah Ya ɗauke mini ciwon nan, sai ga ni bayan kowace salla ina lalubar cinyata ina neman sa. Na daina shan ƙwaya don kada ta rufe mini shi. Na tafiya ya zo, na zama ya zo, mai sanyin ya ƙi. Mutanen gindin mangwaro suka ragu, saura malamin firamare, shi ma ya daina yi mini tambayarsa. Ƙanena bai fasa zuwa gaisuwa ba, bai kuma ambaci gona ba.

Ran kwana goma sha uku na ɗauki sanda bayan sallar asuba na nufi gona. Tun da aka yi mini aiki ban taka ta ba. Tafiyar da a da nake yi kafin shayi ya huce, sai da rana ta ɗaga na isa, na huta sau shida. Na same shi tsaye a gabashin gona. Ganyen ya nannaɗe kamar tsinke, wasu sun kwanta sun yi fari.

Na ce, "Ranar nan ban sani ba. Babur na hau, shi ya tayar mini da ciwo. Na ji kunyar mutane ne."

Bai juyo ba. Ya ce, "Na san ka hau babur, Yaya. Ai ni na tsayar maka da shi."

"To don me ka tambaye ni?"

"Na ga kowa na tambayarka. Na ce kada ka ga kamar ni kaɗai na raina ka."

"Don me kuma ba ka rage ko rabi ba, sakarai?"

Ya ce, "Ka ce in shuka."

Na ɗaga sanda kamar zan kwaɗa masa, sai na tuna idan na ɗaga ta sosai ni zan faɗi. Ya kama ni ya zaunar da ni a kan kunya.

Ruwa ya zo ran kwana goma sha shida, da la'asar. Tun hantsi mai sanyin ya sauka mini, sak, ba tantama, kamar an tsiyaya randa guda. Ban faɗa wa kowa ba, ko matata. Na zauna na ga ta baza shanya, na tashi da kaina na ja tabarmar zuwa rumfa.

Mafi yawan masarar ta riga ta mutu. Amma akwai wani ɗan kwari a ƙarshen gona, kusa da tsohon suri, inda laima ke daɗewa. Can wasu suka farfaɗo. Na ƙirga su da sandata, tushe arba'in da ɗaya. Ƙanena ya sake shuka sauran wurin da irin kanti. Na ce masa a'a, kunyoyin da ke kusa da kwarin ya sa wake, kada na kanti ya yi fure kusa da na Baba ya gurɓata shi. Ya sa wake. Na ce kuma waɗannan arba'in da ɗaya nawa ne, kada ya taɓa.

Daminar nan duka a can na yi ta. Ya kai mini kujera mai tsawo ya ajiye a gindin surin. Kullum in tafi da safe, in huta sau shida, daga baya sau huɗu. Ciyawa da dogon kalme nake cire ta a tsaye, tun da ba na iya sunkuyawa. Ina buɗe kan kowace in duba tsutsa, in na gani in murƙushe da yatsa, in zuba toka. Awaki sun san sandata. Ciwon bai ragu ba, kada wani ya ce maka aikin gona magani ne. Na dai gano wani na huɗu da ban san da shi ba, wanda ke zuwa idan na tsaya a ƙasa mai laushi, kuma har yanzu ina nazarinsa.

Tushe uku iska ta kayar, biyu ba su yi goyo ba. Sauran na karye su da hannuna. Suna rataye yanzu a madafin matata, sun yi baƙi da hayaƙi. Na raba su gida biyu, na ce ko bana ruwa ya zo da takarda a hannu, rabi za a shuka.

Jiya malamin firamare ya leƙo, rediyo a kunne. Ya ce, "Sun ce damina za ta yi wuri. Kwatangwalo me ya ce?"

Na ce, "Ciwo yake. Kullum ciwo yake. Zauna ka ba ni goro."